Ruwan Rijiyata a Gaban Jama'a

Daren Asabar, cikin watan Rajab

Yau Sani ya ci mini mutunci. Ɗan ƙanena ne, amma a hannuna ya tashi har ya tafi jami'a. Da safe ya ce, "Baffa, ɗebo mana ruwan rijiyarka a kwalba, malamanmu sun zo nuna wa mutane kimiyya a filin makaranta." Na ɗauka yabo za a yi, har babbar riga na sa.

Na tarar da yara da tsofaffi sun yi layi gaban wani madubi mai kama da bututu. Sani ya ɗiga ruwana a ƙarƙashinsa, kowa ya kanne ido ɗaya ya leƙa. Mata sai salati suke, wai ga ƙwari suna iyo. Sai Sani ya ɗaga murya, "Wannan daga rijiyar Baffana ta unguwar Bagadaza ne!" Audu tela ya ce, "Ashe har da nama kake ba mu, Malam!" Aka fashe da dariya. An ce in leƙa, na ƙi.

Rijiyar da na haƙa tun zamanin Turawa, sadaka, ban taɓa hana kowa guga ba. Ita Sani ya sha ya girma. Me ya hana shi faɗa mini a zaure, daga ni sai shi?

Har magariba ba wadda ta shigo ɗiban ruwa. Na nemi na sha, matata Hajara ta kawo mini da ɗumi, ashe ita ma ta ji labari, tafasawa ta yi. Na ture kwanon, na je na ja guga da kaina. Na daɗe ina kallon ruwan, garau da shi. Ban sha ba.