Littattafan Nasiru da Za a Binne Kafin Ruwan Shuka

Zuwa ga Shugaban Sashen Fiziks na jami'ar da ɗana ya yi karatu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malamai.

Sunana Hauwa, daga wani ƙauye kusa da Zakirai. Karatuna a aji shida na firamare ya tsaya. Ni ce mahaifiyar ɗalibinku mai neman digiri na uku wanda Allah Ya yi wa rasuwa bara da kaka, bayan jinyar kwana tara. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. Amma ofis ba ya gane mutum sai da suna, to Nasiru Garba ne. Na rubuto wasiƙar nan a fili, kowa ya gani, saboda na zo da ƙafata sau uku ban gan ka ba.

Na ɗaya, na san abin da yake yi, kada a zaci ban sani ba. Wata damina yana taya ni yi wa awaki ciyawa ya yi mini bayani. Ya ce ana son a zafafa wata iska har ta fi cikin rana zafi, don a samu wutar lantarki. Babu tukunyar da za ta riƙe ta, sai a rataye ta da ƙarfin maganaɗisu a cikin na'ura mai siffar gammo. A cikin iskar akwai ƙwayoyi masu gudu fiye da sauran, su ne ke ɗauke da zafin, kuma su ne ke sulalewa su daki bango, wutar ta huce, bangon ya lalace. Aikinsa lissafa ta inda suke fita, da yadda za a tsare su har su bai wa sauran zafinsu. Na ce masa ashe ɗaurin awaki ne da damina don kada su shiga gonar maƙwabta. Ya ce haka ne, sai dai babu igiya babu turke.

Na biyu, ya bar littattafai goma sha ɗaya da ya cika da hannunsa. Kwamfutarsa a kulle take, ba wanda ya san lambar. Tun makarantar allo ya saba, kowane shafi da Bismillah yake fara shi, ko lissafi ne. Gara ta ci bayan littafi biyu. Watan jiya ɓera ya ja wani shafi har tsakar gida, aka tsince shi a ƙasa. Baffansa Malam Sani, limamin unguwarmu, ya ce takarda mai sunan Allah ba a barin ta a taka, za a naɗe su a farin ƙyalle a binne a wuri mai tsarki. Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Ɗakin da suke ciki yana yoyo. Na roƙe shi, ya ba ni zuwa ruwan shuka.

Na uku, zuwan da na yi. Ranar farko aka ce malamin da ke duba aikinsa ya tafi ƙasar waje. Ta biyu wani malami ya buɗe littafi ɗaya a tsaye, ya ce ai ƙasarmu ba ta da irin wannan na'urar. Na sani. Ƙauyenmu ma turakun lantarki kawai muke da su, waya ba ta iso ba. Ta uku aka ce in ajiye wa masinja. Da safen ranar na sayi gyaɗa a bakin ƙofarku, aka ƙunsa mini a takardar lissafi mai tambarin sashenku. Na ɗauko buhun littattafan na koma tashar Gezawa.

An koya mana cewa ilimin da aka amfana da shi yana bin mamaci da lada. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Wannan kaɗai ya bari, kuma ni ba zan iya amfana da shi ba, don haruffan ma ba irin waɗanda na koya ba ne.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka turo mutum ɗaya da ya iya karanta su, ko ka sa mini rana in kawo in damƙa a hannunka. Idan akwai abin amfani, a bai wa mai ci gaba da aikin, a sa sunan yaron. Idan kuma an duba an ga lissafin bai yi daidai ba, a gaya mini haka nan, zan iya ɗauka. Abin da ba na so shi ne a rufe su da ƙasa ba wanda ya sani ko daidai ne. Mutane sun fara kai taki gona, shekaranjiya kuma hadari ya taso ta gabas, ya watse.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raya maka naka, Ya sa su za su yi maka addu'a a bayanka.

Wassalam.

Hauwa Garba,
mahaifiyarsa.