Na Ji, Baffa

Rijiyar Lemo, Fagge,
Kano.
Farkon Yuli.

Zuwa ga Yayata Yakaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ƙafar da kika ce tana damunki? Ina fatan kin daina taurin kai kin je asibiti. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya mai da layinmu kogi.

Za ki tarar da wasiƙar nan a cikin ƙullin atamfar da kika sa na sayo miki a Kwari. Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya ba ma barin juna mu kai aya, maganar nan kuwa tana son a kai aya.

Na tsaya takarar sakatare a ƙungiyarmu ta malaman ilimin halayyar ɗan Adam, reshen jiha. Na fi so ki ji daga bakina kafin ki ji daga Baffa Sammani.

Ƙungiyar ta haɗa mu duka, malaman jami'a da na kwaleji da mu na sakandare. Mu muka fi yawa, amma tun da aka kafa ta malamin sakandare bai taɓa zama a teburin shugabanni ba. A taron shekara aikinmu sananne ne, mu rubuta sunayen mahalarta a bakin ƙofa, mu raba ruwa, mu raba shinkafa. In aka zo zaɓe kuma ba a jefa ƙuri'a. Kwamitin dattawa, wanda Baffa ke shugabanta, ya shiga ɗaki ya fito da sunaye, a ce an yi maslaha, a tafa, a shafa fatiha, a watse.

Kada ki ɗauka son kujera ne. Sakatare shi ke tsara abin da za a tattauna, shi ke raka shugaba duk sa'ad da hukuma ta nemi jin ra'ayinmu. Shekara da shekaru ƙorafinmu ɗaya ne: a daina haɗa wa malamin da yara ke kai wa damuwarsu aikin horo. A makarantarmu ni ce mai sauraron ɗalibai, ni ce kuma ake tsayarwa a bakin get in kama 'yan makara. Yarinyar da na sa tsallen kwaɗo da safe, ita ake so ta zo da rana ta faɗa mini abin da ke hana ta barci. Ba ta zuwa, kuma ban ga laifinta ba. Ƙawata Agnes, wadda ke koyarwa a Sabon Gari, ranar da ta kama aiki bulala aka miƙa mata tun kafin a nuna mata ofis. Kowace shekara sai a sa ƙorafin nan a ƙarshen ajanda, in an zo kansa a ce la'asar ta yi.

Agnes ce ta fara cewa mu daina kai ƙorafi, mu nemi kujerar da ake danne shi a kanta. Da muka zauna mu malaman sakandare, suka ce ni za a tsayar, wai ni 'yar gidan Farfesa Sammani ce, ba za a kore ni da tsawa ba. Dattawa kuwa sun riga sun tsai da Dakta Usaid. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, sai dai rabonsa da ajin sakandare tun yana sanye da farin wando da farar riga.

Na san abin da za ki ce. Baffa ne ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya fara sa mini littafin wannan fanni a hannu. Ban manta ba. Amma a ajinsa na fara jin cewa mutumin da ba a taɓa tambaya ba, ba a san ra'ayinsa ba, ko da kullum yana gyaɗa kai. Na rubuta maganar a lokacin, har ta fito a jarrabawa.

Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa kan yara. Ki duba atamfar da kyau, in launin bai yi miki ba mai shagon ya ce a dawo da ita.

Ƙanwarki,
Surayya.

*

Rijiyar Lemo,
Ƙarshen Yuli.

Yaya Yakaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, kuma ƙafar ta yi sauƙi. Na gode da kiran jiya, ko da yake ke kika yi maganar, ni riƙon waya na yi. Ga nawa ɓangaren.

Gaskiya ne Baffa ya zo gidana, ranar wata Asabar da hantsi. Kin san mu ke zuwa wurinsa, shi ba ya zuwa. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma. Sai da ya sha ruwa ya tambayi lafiyar kowa, sannan ya ce an riga an yi maslaha, an ba Usaid magana, kuma ba zai so a ce 'yarsa ce ta kwance abin da ya ɗaure ba. Ya ce in yi haƙuri sai zagaye na gaba, shi da kansa zai kawo sunana. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ce, "Na ji, Baffa." Ya sa mini albarka ya tafi.

Yaya, abin da na nufa ke nan, na ji. Kalmar aikina ce. Yarinya za ta zauna gabana ta ce ta gaji, za ta bar makaranta, in ce mata na ji, ci gaba. Ba amincewa na yi ba, wuri na ba ta. Niyyata in kwana da maganar, in same shi ranar Juma'a in ba shi amsa a natse, don ba a mayar wa Baffa magana yana zaune a tabarmarki.

Kafin magariba sanarwa ta fito a guruf ɗin ƙungiya na waya, cewa Malama Surayya ta janye, ana yaba wa tarbiyyarta. Addu'o'i suka dinga zuba kamar na haihu. Agnes ta hau adaidaita ta taho, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ke 'yar Fagge, kin ce wa dattijo 'na ji' kina jira ya dawo sauraron kashi na biyu? Ko ni da aka haifa a Sabon Gari na san wannan sa hannu ne." Na ce ai ban ce na yarda ba. Ta ce, "To shiga guruf ki koya musu Hausa."

Na yi ƙoƙarin gyara abin ba tare da kowa ya ji ba. Na je gidansa ranar Juma'a na tarar da falo cike da baƙi, ya nuna ni yana cewa ga 'yar da ba ta taɓa musa masa ba. Na gaishe su na fito. Na aika masa saƙo a waya, na rubuta ɓaro-ɓaro cewa ban janye ba, na nemi ya ba ni lokaci in zo. Ya karanta, bai amsa ba. Na kira shugaban kwamitin zaɓe, ya ce Farfesa ya riga ya sanar da su, shi kuma ba zai ƙaryata Farfesa ba, in ina da magana in yi ta a zauren taro.

Kin ce kujera ce kawai, ba ta kai in ɓata da Baffa ba. Na yi ta juya wannan maganar. Malaman da suka sa ni gaba sun fara cewa dama sun sani, 'yar gida ba za ta ja da gida ba. In na yi shiru, ba wanda zai sake miƙewa a cikinmu nan kusa. Zagaye na gaban da Baffa ya yi mini alkawari kuwa kyauta ce zai ba 'yarsa, ba kujerar malaman sakandare ba ce. Wadda aka ba kyauta ba ta iya sa maganar bulala a farkon ajanda.

Taron ranar Asabar ne. Zan je, kuma zan miƙe. Ba na neman ki goyi bayana, amma kada ki kira Baffa ki ba shi haƙuri a madadina, don ban aike ki ba.

Ki gaida mutanen gidan baki ɗaya.

Ƙanwarki da ba ta jin magana,
Surayya.

*

Rijiyar Lemo,
Agusta.

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyalin duka. Na ga kiranki ban ɗauka ba, ki yafe mini. So nake ki ji labarin a jere.

An yi taron a zauren wata makaranta a Sabon Gari, ruwa na dukan kwano. Wannan karon ba mu tsaya a bakin ƙofa ba. Muka shiga muka zauna, katan-katan na ruwa suna jibge a lungu suna jiran mai rabawa. Baffa ya karɓi makirfo ya fara karanta sunayen maslaha. Da ya zo kan sakatare ya ce Malama Surayya ta janye, bai dubi inda nake ba.

Na miƙe. Ba a ba ni makirfo ba, sai na ɗauko muryar da nake kiran layin baya da ita a aji. Na gaishe da dattawa, na ce Baffa ya yi mini magana na ce na ji, kuma har gobe in ya yi magana zan ji, amma ban janye ba, sunana yana nan.

Wani daga teburin gaba ya ce, "Yarinya, zauna." Agnes ta amsa daga bayana, "Malama ce, ranka ya daɗe." Ban zauna ba. Sai Dakta Usaid ya miƙe ya ce shi ma ya fi so a ƙirga, don bai san ko mutum nawa ke sonsa ba. Baffa ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Kin san kallon, wanda yake mana in mun dawo daga makaranta da tawada a riga. Daga nan ya juya ga shugaban kwamitin zaɓe ya ce, "A yi zaɓe," ya ajiye makirfo.

Nan aka gane ƙungiyar ba ta da akwatin zaɓe, don ba ta taɓa buƙatarsa ba. Aka juye katan ɗin ruwa, aka yayyaga littafin rubutu aka raba. Farfesoshi suka bi layi a bayan malaman da suka saba miƙa musu shinkafa.

Na ci, Yaya, amma ba da rata mai yawa ba. Har cikin namu akwai waɗanda suka zaɓi Usaid. Wata malama da muka yi shekaru tare ta faɗa mini ido da ido cewa tana son abin da nake nema, amma ba za ta zaɓi wadda ta tsayar da baffanta a gaban jama'a ba. Ban yi mata musu ba. Baffa bai jira addu'ar rufewa ba, abincin ma bai taɓa ba.

Jiya Juma'a na je gidansa kamar kullum. Inna, matarsa, ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Sannu, Sakatare," da irin muryar da kin sani. Na same shi shi kaɗai yana karanta jarida. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, idonsa a kan shafi. Na zauna. Sai na ce masa gaisuwa na zo yi, ba janyewa ba, kuma in da ya ba ni lokacin da na roƙa, da a ɗakin nan zai ji abin da ya ji a zaure. Na ƙara da cewa a zaman farko na shugabanni maganar bulala ce ta ɗaya a ajanda, kuma ina so ya zo ya yi magana a kai, don ba wanda ya fi shi sanin illarta.

Ya naɗe jaridar a hankali, ya ɗora tabarau a kanta, ya ce, "Na ji."

Ban tambaye shi wane irin "na ji" yake nufi ba. Na yi masa sallama na fito, kuma Juma'a mai zuwa zan koma.

Ki gaishe da maigidan da yara, ki kula da ƙafar nan. In kin kira yanzu zan ɗauka, ki faɗi duk abin da ke ranki. Zan ji.

Ƙanwarki,
Surayya.