Harshen da Mutawakkil Ya Zaɓa Mini

Dutsin-Ma,
Laraba.

Yaya Rekiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya Hassana da mutanen Kurfi?

Jiya Mutawakkil ɗan Kawu Tukur ya tashi daga ɗakin gwaji bai rubuta ko layi ɗaya ba. Ina da hannu a ciki, kuma ban yi nadama ba.

Kin tuna bara da na ce zan koyi rubuta manhajar kwamfuta. Shi na tambaya harshen kwamfutar da ya dace da ɗan koyo, tunda ya riga ni shiga cibiyar da ake koyarwa. Ya ce Python na yara ne, mai hankali da C++ yake farawa. Na yarda. Wata biyar ina kuka a gaban allo. Ɗigo ɗaya in na manta, aikin yini ya rushe. Ashe shi Python yake koyo, mai sauƙin karantawa kamar wasiƙa. Malaminmu ne ya gaya mini ya ji shi yana dariya, wai ya ɗora mini dutse don in gaji in koma ɗinki.

Ban nuna masa na sani ba. Ban kuma bar dutsen ba.

Watan jiya wani kamfani ya zo neman mutum ɗaya da zai kula da ƙananan na'urorin da ke kunna injin ban ruwa a gonakin Makera. Na je na karanta takardar na'urar, na ga da C++ ake ba ta umarni. Saura sati uku a yi gwajin ɗaukar aikin, Mutawakkil ya zo gida da lemo, yana kirana ƙanwarsa, yana tambayar abin da za a gwada. Na sha lemon, Yaya. Na ce ya riƙe Python ɗinsa da kyau, ai ya fi ni sani.

Kada ki ce in ji tausayinsa. Idan Kawu ya kawo ƙara, ki tambaye shi wa ya fara ba da shawara.

Ni injina ya tashi a karo na biyu da na gwada. Malam ya ce ya ga sunana a takardar kamfanin, amma har yanzu ba su kira ni ba.

Ki gaida Inna da kyau.

Ƙanwarki,
Zaituna