Bargon Baba

Malaz, Riyad
9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Hamissou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mariama da yara da duk mutanen gida a Zinder. Yaya shago, yaya fama da jama'a? Ka ce wa Mariama yajin da ta aiko har yanzu ina lallaɓa shi kaɗan-kaɗan kamar magani.

Za ka yi mamakin ganin hoton takarda da rubutun hannuna, alhali kullum murya nake aiko maka. Sau uku ina danna waya zan yi magana, kuka yana tare ni. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Baba yana asibiti tun ranar Talata. Kada hankalinka ya tashi, zazzaɓin ya sauka, yana shan kunu, yana gane kowa. Amma ba ciwon da ka sani ne ya kai shi ba.

Wata bakwai ke nan tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, 'ya'yan kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, suka sa shi a gidan kula da tsofaffi marasa lafiya, saboda shekara talatin da ɗaya da ya yi yana tuƙa mahaifinsu a unguwar Murabba. Ni ka san mu huɗu ne mata a ɗaki ɗaya, kuma sharar makarantar 'yan mata ba ta sakina sai Juma'a. Na gode wa 'ya'yan kafilin a lokacin, har yanzu ina godiya. Gidan ma ai ka gan shi a hoto, ƙasa tana sheƙi, ga furannin roba a bakin ƙofa, har ka ce mini Baba ya shiga otal.

Duk Juma'a ina zuwa masa da fura. In zauna a kujerar da ke wajen ƙafarsa, kai a sunkuye, in tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Bargo ruwan ƙasa a rufe har wuyansa. Ka san ni da Baba. Ni ce ɗiyar fari, shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, daga “ke” sai “waccan”. Kai ne ɗan gatan da ya hau kafaɗa ya ja gemu. Ni ko ido ba ma haɗawa. To ta ina zan fara ɗaga bargon mahaifina?

Wajen wata biyu da suka wuce na fara jin wani wari a ɗakin. Ka san abin da yayarka mai wayo ta yi? Na je kasuwar Batha na sayo turare, na riƙa fesa wa labule da matashin kai, don kada ya gane na ji, kunya ta kama shi. A ganina ladabi nake yi.

Gyambo ne, Hamissou. Guda uku, ɗaya a ƙugu, ɗaya a gadon baya, ɗaya a dunduniya. A asibitin Allah ya haɗa ni da wata nas 'yar Zariya, sunanta Ruqayyah. Ita ta ja ni gefe ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce mai kwanciya irin ta Baba juya shi ake yi bayan kowace awa biyu, kuma gyambo mai zurfi haka ba a mako ɗaya yake samuwa ba. Ta ce in zo in gani da idona. Na kasa. Sai a wayarta ta nuna mini hoto, shi ma da rabin ido na duba, na fita waje na jingina da bango.

Na ji haushin mutanen gidan nan, amma haushin kaina ya fi. Ka yi masa addu'a, ka yi mini. Ka gaida kowa da kowa.

Yayarka,
Zouera

Malaz, Riyad
24 ga Maris

Ƙanena Hamissou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mariama, da fatan tarin 'yarku Mansura ya lafa. Baba yana samun sauƙi, wannan karon na gaske, don daga bakin Ruqayyah na ji ba daga bakinsa ba.

Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka iya wa'azi daga nesa, Allah ya ƙara basira. Ka ce kai ƙara butulci ne ga 'ya'yan kafili, ka ce in tuna iƙamata, wato takardar zamana, kada in je in taɓo abin da ya fi ƙarfina a koro ni gida. Duk na yi wannan tunanin kafin ka yi, don ni ce a nan. Bari in gaya maka inda aka kwana.

Ruqayyah ce ta tura ni wajen wani lauya a nan Malaz mai taimaka wa iyalan majinyata. Sunansa Mustapha. Ɗan ƙasa ne, amma kakanninsa mutanenmu ne da suka zo hajji suka zauna. Hausarsa a karye take, ya gaishe ni da “ina kwana” da la'asar sakaliya, na danne dariya na amsa. Amma mutum ne mai saurare. Sai da ya bar ni na zazzage masa komai, har zancen turaren, bai katse ni ba, bai kuma yi mini kallon sakarya ba.

Ya ce abu uku ake so. Rahoton likita a kan gyambon, wannan mun samu. Littafin da ma'aikatan gidan ke rubuta lokutan da suka juya majinyaci, wannan za a nema a hukumance. Na uku shi ne mai wuya. Tunda Baba yana cikin hankalinsa, shi ne mai haƙƙi, ba ni ba. Ni iyakata in shigar da koke. Kafin magana ta yi nisa sai Baba ya ba lauya wakala, wato takardar wakilci, ya kuma faɗi da bakinsa yadda aka yi da shi.

Zancen 'ya'yan kafili kuwa, na je har Murabba na sami babbansu. Da ya ga hoton gyambon sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce su ma amana suka bayar aka ci, in yi abin da ya dace. Ka ga wannan ƙofar ta butulci ta rufe, sai ka nemo wata.

Saura Baba. Na kai masa maganar ina kallon ƙasa. Ya ce shi bai zo ƙasar nan shari'a ba, shekara talatin da ɗaya ko ɗan sanda bai san sunansa ba, ba zai fara yanzu da furfura ba. Ya ce ciwo daga Allah ne. Na ce gaskiya ne, amma juyawar aikin mutum ne. Wallahi ban san lokacin da ta fito daga bakina ba, ni da ban taɓa mayar masa da magana ba. Ya juya fuska bango.

Ruqayyah ce ta samo abin da ya ɓoye, da yake ita yana sakewa da ita, har tsokanarta yake wai Zazzagawa ba su iya dama fura ba. Ashe ƙararrawar kiran ma'aikata da ke gefen gadonsa a wancan gidan ta ɓangaren dama aka rataye ta, wajen hannun da ya mutu. Wata bakwai yana kallonta. Bai taɓa cewa a mayar da ita hagu ba, wai kada ya dami yaran mutane suna aikinsu.

Na shigar da koken da sunana. Ka kira shi, Hamissou. Kai yana jin maganarka, kuma ba ya jin nauyinka. Kada ka ce masa ya yi haƙuri, wannan ya fi mu iyawa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Zouera

Malaz, Riyad
15 ga Afrilu

Hamissou,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Yau ba ni da dogon zance.

Na gode da ka kira shi. Na san ka yi iya ƙoƙarinka, shi ya gaya mini da kansa wai na haɗa baki da kai.

Gidan sun aiko da amsar koken. Mustapha ya karanta mini yana fassarawa, yana tsayawa yana duban fuskata. Sun ce duk lokacin da aka tambayi majinyaci lafiyarsa, cewa yake alhamdulillahi. Sun ce 'yarsa ta zo Juma'a ashirin da tara, ga sa hannunta a littafin baƙi, ba ta taɓa kawo ƙorafi ko sau ɗaya ba. Sun ce da akwai abin damuwa ai ita ce za ta fara gani. Har turaren sun ambata, wai shaida ce ta cewa iyali sun san halin da ake ciki.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya suka yi ba. Na zo, na sa hannu, na fesa turare, na koma.

Mustapha ya ce kada in karaya, dubawa aikinsu ne ba na mai ziyara ba, kuma littafin juyawar da suka miƙa duk da biro ɗaya da hannu ɗaya aka cika shi, kamar a zama ɗaya. Amma ya ce muddin mai ciwo yana cewa lafiya lau, maganarmu ba ta da ƙafa. Ranar Lahadi zai zo asibiti tare da likitan da hukumar da ke binciken koken ta turo. In Baba ya sake cewa da sauƙi, shi ke nan, sai a rufe takarda da amsarsu a kai, da sunana a ciki. Ban gaya wa Baba abin da suka rubuta ba, kai ma kada ka gaya masa.

Taka,
Zouera

Malaz, Riyad
21 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Hamissou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Mariama da su Mansura. Ka zauna kafin ka karanta, in da mai sayayya a shago ka sallame shi.

Sun zo ranar Lahadi da hantsi. Na roƙi shugabar makaranta ta ba ni rabin yini. Likitan dattijo ne mai tabarau, ya zauna kusa da gado da takardunsa, Mustapha yana tsaye, Ruqayyah tana bakin ƙofa, ni kuma ina kujerata ta wajen ƙafa kamar kullum.

Likitan ya tambayi Baba da Larabci yadda zamansa ya kasance a wancan gidan. Baba ya ce alhamdulillahi. Ya sake tambaya ko akwai abin da aka gaza yi masa. Baba ya ce mutanen kirki ne, Allah ya saka musu. Na ga likitan ya fara rubutu.

Sai Mustapha ya nemi izini ya ce, tunda Baba ne mai haƙƙi, ya kamata ya ji amsar da gidan suka bayar kafin a rufe. Na yi masa alama da ido kada ya karanta, ya yi kamar bai gani ba. Ya karanta da Larabci tiryan-tiryan. Ni na manta, Hamissou, mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa Balarabe ba ya buƙatar tafinta.

Da aka zo wajen Juma'a ashirin da tara da turaren, Baba ya ɗaga hannunsa na hagu, Mustapha ya tsaya. Baba ya yi magana a hankali, bakin nan a karkace, amma kowa ya ji. Ya ce yarinyar nan ba ta da laifi. Ya ce a garinmu ɗiyar fari ba ta buɗe jikin ubanta, shi ya rene ta a haka, kuma ta bi. Ya ce ya san ranar da ta fara kawo turare, ya san dalili, ya yi shiru don ita ma ta yi shiru. Ya faɗi zancen ƙararrawa. Ya ce akwai lokacin da tun daga sallar asuba har la'asar ba wanda ya taɓa shi, yana jin bayansa kamar an ɗora shi a kan garwashi. Ya ce akwai wani tsoho a gadon kusa da nasa, ba mai zuwa wajensa, a je a duba shi.

Likitan ya ce yana so ya ga gyambon. Ruqayyah ta taso za ta buɗe, Baba ya girgiza mata kai. Sai na ji an ce, Zouera, zo ki ɗaga.

Wallahi sai da na waiwaya ina neman wata Zouera a ɗakin. Muryar Baba ce, sunana ne, amma ban taɓa jin su tare ba. Na tashi na kama bakin bargon na ɗaga daga wajen ƙafa, Ruqayyah ta taya ni muka juya shi. Na duba da ido biyu. Na dunduniya ya fara haɗewa, na baya da saura, na ƙugu har yanzu rami ne. Ban yi kuka ba sai da na mayar da bargon na gyara masa shi a wuya.

Baba ya dangwala wa wakalar hannu da babban yatsansa na hagu. Mustapha ya ce maganar za ta ɗauki watanni, kuma ba zai yi mini alkawarin yadda za ta ƙare ba, amma yanzu tana da ƙafa. Ya ce an rubuta zancen tsohon nan na gadon kusa, za a je.

Jiya na sake leƙawa bayan aiki. Ruqayyah ta koya mini yadda ake juya shi da yadda ake sa matashi a ƙarƙashin ƙafa. Ina ɗaga bargon ya rufe ido ya juya fuska bango, yana mita wai hannuna sanyi. Da zan tafi ya ce, ke, ki kawo fura ranar Juma'a, ta Zazzagawan nan ba ta shawuwa.

Ya koma “ke” ɗinsa, ka gani. Ban damu ba. Na ji sau ɗaya, ya ishe ni. Turaren kuwa na ba 'yan ɗakinmu.

Ka gaida Mariama, ka shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Zouera Yacouba