Ba a Ji Ta Bakin Gwaggo Hure Ba

Talata, 5 Afrilu 1994

An kafa turaku a gonar Gwaggo Hure. Jajaye, har da fenti, abin da bangon makarantarmu bai taɓa gani ba. Gonaki biyar Kantoman ƙaramar hukumarmu ya karɓe a bakin hanyar Makoda, wai za a gina rumbun taki. Takin da rabonmu da shi tun bara waccan. Idan Allah ya kawo shi dai, ba zai rasa masauki ba.

Gwaggo ce ta raine ni bayan rasuwar Inna. Gonar gadonta ce daga mahaifinta, ita ce cinta da shanta. Geron cikinta ne ya kai ni jami'a.

Juma'a, 8 Afrilu

Na bi diddigi. Kafin azumi, Nababa mai shela ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ya ce duk mai gona a wurin, in yana da ƙorafi, ya je sakatariya. Maza biyar suka je. Malam Badaru, wanda gonarsa tasa ce, ya ce bai yarda ba. Sauran huɗun suka ce sun yarda, don an yi musu alkawarin aikin gadi a rumbun. Cikinsu har da Iliyasu, ƙanen Gwaggo.

Abin dariyar, huɗun nan babu mai ko taƙi ɗaya a wurin. Gonakin na 'yan'uwansu mata ne, su noma kawai suke yi a raba. Hukuma ta ga mai fartanya ta ce ga mai gona. Matan kuwa suna cikin gida suna daka, ba sa zuwa Juma'a, ba wanda ya gaya musu sai da suka ji labarin turaku.

Wannan darasinmu na farko ne a dokar gudanar da mulki: hukuma ba ta taɓa haƙƙin mutum sai ta ji ta bakinsa. Shi ɗin, ba ƙanensa ba. Na ci jarrabawar nan fiye da kowa a ajinmu. Yau kuma na koya wa 'yan aji biyu sunayen koguna.

Asabar, 16 Afrilu

Malam Badaru ya ɗauko lauya daga Kano. Rahmatu ce.

Rahmatu! Wadda na riƙa zaunarwa a gindin darbejiyar ɗakin karatu ina ɗura mata bambancin iko da hurumi kamar mai ɗura wa jariri kunu. Shekarar da za mu tafi makarantar horon lauyoyi a Legas Baba ya kwanta, komai ya tsaya. Ita ta tafi. Ita kotu ta san da zamanta, ni kuwa digirina yana ƙarƙashin gado tare da kwanonin da ba a amfani da su.

Da mota ta zo, a wannan marrar da mutane ke kwana a layin mai. Ta rungume ni ta ce, "Jidda 'yar ƙauye, kina nan yadda kike!" Na ce, "Barista, ke kuwa kin ƙaru." Ta ɗauka yabo ne.

Lahadi, 17 Afrilu

A zauren dagaci aka sauke ta, kan kujera, maza suna ƙasa suna ranki ya daɗe. Shekaruna nawa a garin nan, ban taɓa wuce bakin zauren ba sai da takalmi a hannu. Ita ko cikin gida ba a shigar da ita ba, an mai da ta namiji na yini guda. Da Iliyasu ya ce mata "gonata", ta rubuta.

Na ji hujjar da za ta kai kotu: wai Kantoma ba shi da hurumin karɓar ƙasa. Yana da shi mana. Doka ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar gonar karkara don amfanin jama'a, rumbun taki kuwa ko babu taki amfanin jama'a ne a takarda. Za ta sha ƙasa.

Ta ce, "Malama, me kika gani?" Na ce ni ai koguna nake koyarwa.

Laraba, 27 Afrilu

Gero ya sake tashi a kasuwa. Albashi shiru.

Lahadi, 8 Mayu

Zaman farko ya tafi yadda na faɗa. Malam Badaru ya dawo yana cewa lauyan gwamnati ya karanta dokar, ya kuma ƙara da cewa ai an saurari masu gonakin, huɗu sun amince, na biyar an ji nasa. An ɗage zuwa bayan Babbar Sallah.

Na ci tuwo da yawa yau. Ba na son in bincika dalili.

Alhamis, 12 Mayu

Yayyafin farko. Na tarar da Gwaggo ta sauko da zangarniyar iri daga rataye tana sussukawa, tana ware masu ƙwari. Na ce, "Gwaggo, ina za ki shuka?" Ta ce, "A gonata mana. Ba ƙawarki tana can tana karɓo mana ba?" Can kuma ta ce, "Ni dai 'yar nan, yaushe za a kira ni in faɗi nawa? Ko sai an gama da na maza?"

Na ce mata ana bin layi ne.

An ce katafila tana sakatariya, mai kawai take jira. Karon farko da na yi addu'ar Allah ya ƙara tsawon layin mai.

Juma'a, 13 Mayu

In na faɗa wa Rahmatu cewa ba a ji ta bakin matan ba, ita za ta tsaya da baƙar riga ta faɗa da Turancinta mai santsi, a ce kai, yarinyar nan akwai kai. In ban faɗa ba, Iliyasu zai samu kujerar gadi a daidai inda ɗorawar Gwaggo take.

Na ɗora su a sikeli. Abin kunya, sai da sikelin ya yi rawa.

Litinin, 23 Mayu

Na je Kano a bayan motar albasa. Ofishin Rahmatu ƙarami ne, fanka ba ta juyawa. Na ji daɗin wannan.

Ban ko zauna ba na ce, "Su wa aka saurara?" Ta ce masu gonaki. Na ce, "Kin tambayi wa ya gada, ko wa ya yi huɗa?" Sai ta dafe kai ta ce, "Innalillahi. A masallaci aka yi shelar?" Na ce bayan Juma'a. Ta ce, "Jidda, tun yaushe kika san wannan?" Na ce mu 'yan ƙauye ba ma duba kalanda.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta sake tambaya ba, da ma ta tambaya da ya fi mini sauƙi. Ta ce za ta shigar da matan huɗu cikin ƙarar, amma ni zan kai ta cikin gidajen, don ba ta san ta inda ake sallama ba.

Talata, 14 Yuni

Alƙali ya soke ƙwacen. Bai ce Kantoma ba shi da iko ba, bai ce rumbu ba shi da amfani ba. Ya ce iko yana da hanyar da ake bi da shi, kuma wanda ba a ji ta bakinsa ba ba a yanke masa hukunci. A koma a sake, a saurari masu gonakin na gaskiya.

Iyakar abin da doka ke iya yi ke nan: ba ta hana mai mulki yin abin da ya nufa, tana dai sa shi ya zauna tukuna.

Alhamis, 23 Yuni

Kantoma ya zauna kuwa. A soron gidanmu, kan tabarma, da takalminsa a waje. Gwaggo tana bayan asabari. Ta fara daga kakanta da ya sare dajin. Ta bi ta kan shekarar fara, da rijiyar da ta rufta, da kowace ɗorawa da wanda ya dasa ta. Kantoma ya duba agogo, Rahmatu ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, kotu ba ta ƙayyade lokaci ba." Bayan Gwaggo akwai mata uku suna jiran nasu.

Da Gwaggo ta gama ta ce, "Ɗana, ga tsohon filin awon gyaɗa can babu abin da ke fitowa sai tsakuwa. Takin naka ai ba tsiro zai yi ba."

Iliyasu bai zo ba. Wai ciwon kai.

Asabar, 2 Yuli

An tuge turakun, an kai su filin awon gyaɗa. Geron Gwaggo ya kai ƙauri.

Jarida ta buga labarin, da hoton Rahmatu. Sunana babu, sunan Gwaggo ma an rubuta shi ba daidai ba. Na ba mai ƙosai shafin ta yi ƙunshi. Kafin ta yaga na koma na karɓo, na yanke hoton. Ɗankwalinta ne ya karkace, ina son abin da zan riƙa yi wa dariya.

Rahmatu ta aiko cewa akwai wata ƙara, 'yan kasuwar da aka rushe wa rumfuna ba sanarwa, in zo mu duba tare. Ban ce zan je ba. Na dai jawo littattafan daga ƙarƙashin gado don shara, gara ta ci bangon ɗaya. Na kuma tambayi direban motar albasa ranar da yake sa ran samun mai.