Makullin Rijiyar Manga

Abbare, Jalingo
6 ga Maris, 1994

Ƙanwata Ƙauna,

Ina gaishe ki. Ya ƙarin haƙuri? Ya jikin Mama a Kona?

"Barista, ƙaddara ba ta zuwa kotu." Da haka dattawan coci suka tare ni jiya a gidanki na Nukkai bayan tafiyarki Kona, bakinsu cike da shinkafar makoki. Mijinki Tobias har ya ce ya yafe. Maza akwai saurin yafe abin da ba su ɗauka wata tara ba.

Ba maganar ɗauri nake ba, ƙarar sakaci ce. Wanda ya haƙa rijiya inda yara ke wasa, doka ta ɗora masa rufe ta. Maƙwabcinku Manga ya bar tasa a buɗe, 'yarki Abigail mai shekara uku ta faɗa ciki ta rasu. Na je na karanta masa haka a gaban matarsa da 'ya'yansa. Uffan bai ce ba, ƙasa yake kallo. Shekara bakwai ina aikin nan, na san shirun mai laifi.

Ki sa hannu a takardar nan ki aiko.

Yayarki,
Jemima

Kona
15 ga Maris

Yaya Jemima,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mama da sauƙi.

Ba zan sa hannu ba. Rijiyar nan tana da murfi da kwaɗo, kullum a kulle take. Ran Asabar ɗin famfo bai kawo ba, ga kayan zumuntar matan coci zan wanke don Lahadi. Na roƙi Baba Manga makulli. Ya ce, "Maman Abigail, in kin gama ki kulle." Na ce to. Guga ɗaya ya rage, na shiga sauke wake.

Ko Tobias bai sani ba. Makullin yana bakin zanena har yau.

Ki yafe mini.
Ƙauna

Abbare
20 ga Maris

Ƙauna,

Ina gaishe ki. Na je gidan Manga ba jakar aiki. Na durƙusa, abin da rabona da shi tun kafin jami'a. Na ce me ya hana shi magana ranar?

Ya ce, "'Yata, yarinya ɗaya aka ciro daga rijiyata. Ba na son a ciro uwarta."

Matarsa ba ta amsa gaisuwata ba. Ta raka ni zaure, ta rufe ƙofa. Gobe ina hanyar Kona.

Allah ya riƙe ki.
Jemima