Kaka, Na Sa Masa Sunan Babanki

Zuwa ga kakata, Hajiya Talle,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Mijinki ne, wanda kika ce ba za ki aura ba sai ya daina cin tuwo da cokali. Daga Dubai nake rubuto miki, shekara goma sha ɗaya da rasuwarki.

Albishirinki. Matata Maryam ta sauka lafiya, an samu namiji. Jiya aka yi suna a ɗan gidanmu na unguwar Karama, abokan aiki da 'yan kasuwar Deira suka cika falo har bakin ƙofa. Na sa masa Haruna, sunan babanki.

Ba a so ba, Kaka. Kawu Sale, wanda yanzu shi ne babba a danginku, ya kira ni tun kafin a yanka rago. Ya ce a gidan nan ba a maida sunan wanda ya bi Nasara ya mutu a rami, babu wanka babu sallah. Ya ce shekara ɗari ke nan ba a sa ba, ba kuma a kaina za a fara ba.

Na bar shi ya gama, don ke kika koya mini kada in katse babba. Sannan na ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, kina tsince shinkafa a faifai.

Lokacin yaƙin Jamus, dagaci ya ce gidanku sai ya ba da namiji ɗaya. Sunan Idi aka kira, wan babanki. Idi yana da 'ya'ya uku, ga ciwon ƙirji. Haruna, da bai wuce shekara ashirin ba, ya miƙe ya ce shi za shi. Ya bar mahaifiyarki da cikinki wata huɗu.

A ƙasar Kamaru aka sa su haƙa ramuka, suka zauna ciki, ruwan sama har gwiwa, ba mai ɗaga kai. Wani mutumin garinku da ya dawo da hannu ɗaya shi ya kawo labari: harsashin igwa ya faɗo, ramin ya rufta da mutum shida. Ya ce da safiyar ranar ya ga Haruna yana sallah a tsugune, jingine da bangon rami.

Idin nan shi ne kakan Kawu Sale, sai bayan yaƙin ya haifi babansa. Na ce masa, Kawu, da Haruna bai shiga ramin nan ba, wa ya san ko za a haife ka, balle ka hana ni sunansa?

Ya kashe waya. Da yamma aka fitar da ni daga guruf ɗin dangi. Khalas, wato shi ke nan, in ji Larabawan nan. Ban ba da haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba.

Na tuna ranar da na tambaye ki inda kabarin babanki yake. Kika ajiye faifan, kika ce, “Ƙasa duk ta Allah ce, ɗan nan. Ni dai da wani zai kira sunan a tsakar gida in ji.” 'Ya'ya maza huɗu kika haifa, ba a bar ki kin sa wa ko ɗaya ba. Kunya ta hana ki yin magana. Ni kuwa ban gaji wannan kunyar ba.

Yana nan kwance a cinyata, Kaka, yana ta wutsil-wutsil. Kunnuwanki ya ɗauko. In Allah Ya raya shi, zan kawo shi gida hutu, in tsaya a ƙofar zaure in ƙwala masa kira, kowa ya ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Haruna da mutum biyar ɗin da ba mu san sunayensu ba. Allah Ya huci zuciyar Kawu. Ya haɗa ki da babanki a Aljanna, ke da furfurarki shi da ƙuruciyarsa, ki kira shi Baba ya amsa.

Naki har abada,
Jikanki, baban Haruna